Esi Yana Aiki Amma Babu Sanyi: Matakan Da Za Ka Bi Kafin Ka Yarda a Ce Gas Ya Ƙare

Tun da bazara ta kama, tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta aikowa, daga Kano da Sakkwato da Maiduguri har Maraɗi: esi yana kunne, iska tana fitowa, amma ɗaki ya ƙi sanyi. Da yawansu sukan ƙara da cewa sun kira mai gyara, ya ce gas ya ƙare, an zuba, bayan 'yan makonni matsalar ta dawo. Abin yana damuna, domin kuɗin mutane ne ke tafiya a banza a lokacin da kowa ke ji a jikinsa. Gas shi ne abin da ya kamata a zarga daga ƙarshe, bayan an duba duk sauran, amma shi ake fara ambata.

Matakan nan sun shafi esi mai kai biyu, wato kan ciki da ke liƙe a bango da injin da ke waje, sun kuma shafi babban esi na gida gaba ɗaya, wanda ke tura iska zuwa ɗakuna ta bututun cikin silin. Inda suka bambanta zan faɗa. Ka bi su a jere, kada ka tsallake, domin na fara da abin da ba ya cin ko sisi, sannan na gangara zuwa mai tsada.

Ka tanadi tocila, sukundireba, buroshi mai laushi, tiyo ko bokitin ruwa, ruwan sabulu a kofi, safar hannu, da ƙaramin ma'aunin zafi na dijital. Idan kana da mitar auna wuta kuma ka iya aiki da ita, za ta taimaka ƙwarai.

1. Rimot da saiti

Dubi fuskar rimot da kyau. Alamar sanyi ita ce wadda ta yi kama da ƙwayar ƙanƙara mai rassa shida. Hoton fanka na nufin iska kawai yake kaɗawa, injin waje ba zai tashi ba. Ɗigon ruwa na nufin tsotse laima, sanyinsa kaɗan ne. Hoton rana kuwa ɗumama ɗaki yake yi. Yara suna wasa da rimot, kuma danna maɓalli ɗaya ya isa ya juya komai. Mayar da shi kan sanyi, ka sauke lamba zuwa 18 don gwaji, ka sa gudun fanka a sama, ka tabbata ba a kunna saitin barci ko na tsimin wuta ba.

A babban esi, akwatin saiti da ke bango ne ke ba da umarni. Duba batirinsa idan yana da shi. Fankarsa tana da matsayi biyu: ON da AUTO. Idan tana kan ON, iska za ta yi ta fitowa dare da rana ko da injin waje a kashe yake, mai gida ya ɗauka esi na aiki alhali iskar ɗaki ce kawai ke zagayawa. Mayar da ita AUTO.

Bayan ka gyara saiti, ka jira minti 3 zuwa 5. Kusan kowane esi yana da wannan jinkiri don kare kwamfireso, wato moton da ke cikin injin waje mai tura gas ya zagaya. Kada ka yi ta kashewa kana kunnawa saboda gajen haƙuri, duk dannawa tana mayar da lissafin farko.

2. Wuta

A ƙasarmu wannan mataki ya fi yadda ake zato muhimmanci. Fankar ciki ba ta cin wuta sosai, tana iya juyawa da wuta mai rauni. Kwamfireso kuwa, a lokacin da zai tashi, yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci idan ya daidaita. Shi ya sa za ka ga iska na fitowa, fitilar esi na ci, amma babu sanyi.

Wutar gida ya kamata ta kasance tsakanin volt 220 da 240. Idan ta sauko ƙasa da 200, yawancin esi marasa inbata, wato waɗanda kwamfiresonsu ba ya ƙara gudu ko ragewa da kansa, suna fara wahala. Alamar a bayyane take: injin waje zai yi gurnani na 'yan daƙiƙu, ƙwan ɗaki ya dusashe, sai ka ji "ƙas", ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake gwadawa. Idan ka ji haka, kashe shi nan take. Kowane yunƙuri yana gasa wayoyin cikin kwamfireso, kuma ta wannan hanyar da yawa suke ƙonewa.

Auna wutar a daidai lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi, ba lokacin da yake hutawa ba. Soket na iya nuna 215, injin na tashi ta faɗo 170. Wannan yakan nuna siririyar waya ko haɗin da ya saki. Taɓa murfin makunnin esi: idan yana da zafi, ko ya yi baƙi, ko yana warin ƙonewar roba, matsalar tana nan. Esi mai ƙarfin doki 1 ko 1.5 yana son layinsa na kansa da waya mai kaurin 2.5 mm², mai doki 2 kuma gara a ba shi mai 4. Ba a jona esi a wayar ƙari ta talabijin.

Gargaɗi: idan ba ka saba auna wuta mai rai ba, ka bar wa mai aikin lantarki. Babu abin kunya a ciki.

Idan da sitabilaiza, ka sani ƙarfin da aka rubuta a jikinta yana raguwa sosai idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, don haka wadda ta yi daidai wa daida a takarda ba za ta ɗauki nauyin ba da daddare lokacin da duk unguwa ta kunna kaya. Haka janareta: idan ya nutse ya canza murya duk lokacin da esi zai tashi, ya yi masa kaɗan.

Duba bireka. Babban esi galibi yana da biyu, ɗaya na cikin gida ɗaya na injin waje, ga kuma makashin da ke bango kusa da injin. Na waje na iya faɗuwa na ciki yana nan. Tayar da shi sau ɗaya tak. Idan ya sake faɗuwa, ka bar shi a ƙasa ka kira mai gyara, domin wani abu ne ke haɗa wuta. Kada ka yarda a canza maka shi da babba don ya daina faɗuwa, wannan hanyar gobara ce.

Manyan esi masu layi uku suna da tasu matsalar. Idan layi ɗaya ya ɗauke, injin ba zai tashi ba, ko ya ƙone yana ƙoƙari. Idan kuma an yi aiki a kan wayoyin gida ko na janareta aka juya layi biyu, wani nau'in kwamfireso yakan juya da baya, ya yi ƙara mai yawa, babu sanyi ko kaɗan. Duk esin da ya daina sanyi a ranar da aka taɓa wayoyin gida, a fara duba wannan.

3. Filta

Ɗaga murfin gaban kan ciki, za ka ga raga biyu. Zare su ka ɗaga su ga haske. Idan hasken ba ya ratsawa, ka samo babban ɓangaren matsalarka. Ƙurar hunturu da ta taru daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana nan kwance, ba wanda ya tuna da ita sai zafi ya zo. Wanke su da ruwa daga bayansu don ƙurar ta fita ta inda ta shiga, ka shanya a inuwa su bushe sarai. Ruwan zafi da rana mai ƙarfi suna lanƙwasa robar. A garuruwanmu, wanki duk mako biyu bai yi yawa ba.

Kafin ka mayar, haska tocila kan siraran ƙarafan da ke bayan ragar. Idan sun yi dafifi da ƙura, share su a hankali da buroshi daga sama zuwa ƙasa, yadda layukan suka tafi. Leƙa kuma ta bakin da iska ke fitowa, za ka ga doguwar fanka mai kama da gora. Idan fukafukanta sun cika da datti, iska za ta riƙa fitowa da rauni, wani gefe da ƙarfi wani gefe babu. Wankinta na buƙatar a lulluɓe bango da na'urorin lantarki, aikin mai gyara ne, kuma kuɗinsa bai kai na gas ba.

A babban esi, filtar tana bayan babbar ragar da ke jan iska ko a jikin akwatin fanka. Ta kwali ba a wanke ta, canzawa ake yi, wata 1 zuwa 3 gwargwadon ƙura. Girmanta a rubuce yake a gefe, akwai kuma kibiya da za ta kalli wajen fanka. Kada a cire filta a bar esi haka don iska ta ƙaru. Ƙurar za ta koma kan ƙarafan sanyi, inda fitar da ita ya fi wuya da tsada.

4. Ƙanƙara

Idan ka ga ƙanƙara a kan ƙarafan ciki ko a jikin bututun jan ƙarfe, kada ka ɗauka alamar ƙarfin sanyi ce. Abu biyu ke kawo ta: iska ba ta ratsawa yadda ya kamata, ko gas ya ragu. Kashe sanyi, ka bar fanka kaɗai tana aiki har ta narke. Ƙaramin esi yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, babba na iya cin yini. Ajiye bokiti da tsumma, ruwa zai zuba.

Gargaɗi: kada ka ɓamɓare ta da wuƙa ko sukundireba. Bututun da ke ciki siriri ne, huda ɗaya ta isa ta zubar da gas duka.

Bayan ta narke kuma filta ta fita tsaf, sake kunnawa. Idan sanyi ya dawo kuma ƙanƙarar ba ta sake fitowa ba, ka gama. Idan ta dawo cikin awa ɗaya ko biyu alhali iska na fita da ƙarfi, riƙe wannan a ranka har mataki na 9.

5. Wankin injin waje

Duk zafin da aka kwaso daga ɗaki ta nan yake fita. Idan ya kasa fita, sanyi ya tsaya. Wannan injin shi ne aka fi mantawa da shi, saboda yana bayan gida ko can saman bango inda ba a zuwa.

Kashe wutarsa daga makashi ko bireka, ba daga rimot ba. Sannan ka duba bayansa da gefensa. Abin da ake samu ya haɗa da leda da iska ta manna, gashin kaji, busasshen ganye, sheƙar tsuntsu, gidan zanzaro, da ƙura da ta haɗu da ruwa ta zama laka. Cire manyan da hannu, sauran ka wanke da tiyo, ruwa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, har ruwan da ke fita ya yi fari. Kauce wa gefen da wayoyi suke shiga. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwantar da siraran ƙarafan, kuma idan suka kwanta iska ba ta ƙara wucewa. Ka sa safar hannu, suna yanka. Bari ya tsane kamar rabin awa kafin ka mayar da wuta.

Dubi kuma inda aka girke shi. Kejin ƙarfe da ake yi saboda ɓarayi ba laifi ba ne idan sandunan a buɗe suke, amma wasu ana rufe su da langa-langa ta kowane gefe, injin ya riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Haka wanda aka cusa a lungu yana fuskantar katanga. Yana son sarari kamar santimita 30 a bayansa, mita ɗaya ko fiye a gabansa. Injin babban esi sama yake hura iska, don haka kada a yi masa rumfa ƙasa-ƙasa. Inuwa tana da amfani, muddin ba ta tare iska ba. Esin da ke sanyi da safe da dare amma ya gaza daga azahar zuwa la'asar, sau da yawa nan matsalarsa take.

6. Saurari injin waje

Mayar da wuta, kunna sanyi, ka je ka tsaya kusa da shi. Abu biyu ya kamata su tashi: fanka, wadda kake gani, da kwamfireso, wanda kake jin gurnaninsa da rawar jikinsa. Sa hannu gaban iskar da yake fitarwa. Lafiyayyen esi iska mai zafi yake hurawa, fiye da ta waje.

Idan fanka na juyawa amma iskar ba ta da zafi kuma babu gurnani, kwamfireso bai tashi ba. Idan akwai gurnani amma fanka a tsaye, kashe da sauri, domin zafi zai taru cikin mintuna. A duka biyun, wanda ake fara tuhuma ita ce kafasita, wani gwangwani mai launin azurfa da ke cikin akwatin wayoyi, wadda ke taimaka wa moto tashi da juyawa. Zafi da hawa da saukar wuta suna kashe ta, shi ya sa take yawan mutuwa a watan Afrilu. Tana cikin kayan esi mafi araha, kuma abin takaici ne yadda ake canza kwamfireso lafiyayye saboda ita.

Idan samanta ya kumbura ko tana yoyon mai, ta mutu. Amma tana iya mutuwa ba tare da ta nuna ba, sai an auna da mita. Lambar da ke jikinta mai alamar µF ita ce ƙarfinta. A ƙananan esi ta kwamfireso takan kama daga 25 zuwa 50, ta fanka kuma 'yar ƙarama ce, ƙasa da 5. Idan awo ya nuna ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, a canza. Sabuwar ta zo da lamba ɗaya da tsohuwar. Ƙarfin wutar da take ɗauka, wanda galibi 450 ne, ya yi daidai ko ya fi, kada ya gaza. Wasu suna sa mai babbar lambar µF wai don injin ya ƙara ƙarfi, alhali zafi kawai take ƙara wa moto.

Gargaɗi: kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe bireka. Ba a taɓa bakinta sai an sauke wutar da ke ciki. Idan ba ka taɓa yi ba, ka tsaya ka kalli mai gyara ya yi. Kafin a zare waya ko ɗaya, a ɗauki hoto da wayar hannu. Mai baki uku tana da rubutu C, HERM da FAN, kuma juya su na iya ƙona moto.

Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, ga wuta kuma tana zuwa, a duba wayar da ta haɗa kan ciki da na waje, ɓeraye suna cin ta. A manyan esi akwai kwantakta, makunnin da ke haɗa wuta idan umarni ya zo. Kiyashi da tsaka da ƙananan ƙadangaru suna shiga tsakanin bakinta su hana ta haɗuwa. Ita ma ba ta da tsada.

Esi mai inbata daban ne. Kwamfiresonsa ba ya amfani da irin wannan kafasita, allon lantarki ne ke sarrafa shi, kuma a kan allon akwai wuta sama da 300 da ke daɗewa bayan an kashe. Kada ka buɗe. Abin da za ka yi shi ne ka duba fuskar kan ciki, yakan nuna harafi da lamba ko fitila ta riƙa ƙiftawa. Ɗauki hoto, ka ƙirga ƙiftawar, ka duba littafin da ya zo da shi, domin ma'anar lambobin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka kuma sani shi yakan rage gudu da kansa idan ɗaki ya kusa kai sanyin da aka saita, wannan ba lalacewa ba ce.

7. Auna sanyin

Kada ka dogara da tafin hannu. Bari esi ya yi minti 15 yana aiki, ka auna iskar da ke shiga ta saman kan ciki, sannan ka auna wadda ke fitowa. Bambancin digiri 8 zuwa 12 yana nuna esi na yin aikinsa. Misali, iska ta shiga da 30 ta fito da 19 ko 20.

Idan ka sami wannan bambanci amma ɗaki bai yi sanyi ba, to esin lafiya lau yake, zafin ne ya fi ƙarfinsa, kuma zuba gas ba zai canza komai ba. Duba taga da rana ke bugawa babu labule, ƙofa mai gibi a ƙasa, ramin da bututu ya ratsa bango ba a toshe ba, rufin kwano mai siririn silin, ɗakin sama da ke shan rana yini guda. Duba girman esin: a ma'aunin ƙarfin sanyi da ake kira BTU, doki 1 kusan 9,000 ne, doki 1.5 kusan 12,000, doki 2 kusan 18,000. Doki ɗaya na ƙaramin ɗakin kwana ne, ba na falon da ake tara baƙi ba.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika dubawa ba. A takardar jikin injin waje akan rubuta T1 ko T3. Mai T1 an gina shi ne don yanayin da bai wuce digiri 43 ba, mai T3 kuma har 52. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura 40 a inuwa, injin da ke kan rufi ko jikin bangon yamma yana iya shaƙar iskar da ta wuce abin da T1 zai jure. Irin wannan sai a yi masa inuwa ko a sauya masa wuri, kuma idan za a sayi sabo a nemi T3.

8. Bututun silin da magudanar ruwa

Wannan na masu babban esi ne. Zagaya ɗakuna ka ji ƙarfin iska a kowace kafa. Idan ɗaki ɗaya ne babu, leƙa cikin silin da tocila, da sassafe kafin wurin ya yi zafi, kana taka katako kawai. Bututu yakan saki daga mahaɗa, ko ɓera ya huda shi, ko wani ma'aikaci ya taka shi ya lotse, sai sanyin ya riƙa zuba cikin rufi. Kada kuma a rufe kafofin ɗakunan da ba a kwana da yawa don tsimi, hakan na rage iska har ƙanƙara ta taru.

Ruwan da esi ke tatsa yana taruwa a faranti ya fita ta bututu. Idan bututun ya toshe, da yawa daga manyan esi suna da makunnin da ke yanke aiki don kada ruwa ya lalata silin. Faranti cike da ruwa alama ce. A zuƙe toshiyar daga bakin waje, a zuba ruwa a ga yana wucewa.

9. Gas

Sai yanzu muka iso. Gas ɗin esi ba kamar man mota ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake, yana zagayawa ne kawai, kuma esin da aka haɗa da kyau yana iya shekaru ba a ƙara masa ba. Idan ya ragu, akwai inda yake fita. Duk wanda ya zuba maka bai nemo wurin ba, ya sayar maka da sanyin 'yan makonni ne.

Ga alamomin da ke nuna da gaske ya ragu: filta tsaf, injin waje a wanke, fanka da kwamfireso duk suna aiki, amma bambancin awo bai kai digiri 6 ko 7 ba, iskar waje kuma ba ta da zafi sosai. Je wurin da bututu biyu suka shiga injin. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi yana gumi. Idan ɗumi gare shi, alama ce. Siririn kuwa ya danganta da irin esin: a mai kai biyu yakan yi sanyi shi ma, kuma idan ya yi farar ƙanƙara gas ya yi ƙasa. A babban esi na silin, siririn ɗumi yake yi idan lafiya. Mutane suna rikita wannan.

Nemi tabon mai. Gas yana tafiya da man kwamfireso, don haka inda yake fita yakan bar maiƙo da ƙura ta manne a kai. Mafi yawan yoyo a kan notunan haɗi yake, biyu a waje biyu a bayan kan ciki, sai bakin da ake sa geji, wato ma'aunin matsin gas. Shafa ruwan sabulu ka jira kumfa. Gara a yi wannan esi a kashe, lokacin ne gas ke matsa wa bututun mai kauri sosai.

Daga nan aikin mai gyara ne, amma ka tsaya a kansa, ka san abin da ya kamata ya yi a jere. Ya nemo yoyon, idan sabulu bai nuna ba ya matsa iskar naitirojin ya ga ko geji zai sauka. Ya gyara, ko ta sake yin bakin bututu ko ta walda. Ya sa injin bakum ya zuƙe iska da laima, aƙalla minti 15 zuwa 30 a ƙaramin esi, ya rufe ya ga allura ba ta motsa ba. Sannan ya zuba gas a kan sikeli. Nau'in gas da nauyinsa a giram suna rubuce a jikin injin waje. Idan bututunka ya fi tsawon da kamfani ya tanada, wanda galibi mita 5 ne ko fiye kaɗan, akan ƙara 'yan giram a kan kowace mita kamar yadda littafin ya nuna. Wanda ya zo da tukunyar gas kaɗai, babu bakum babu sikeli, yana zubawa yana taɓa bututu da hannu, ƙiyasi yake yi. Gas da ya yi yawa shi ma yana rage sanyi, yana ƙara cin wuta, yana kashe kwamfireso.

Gargaɗi: kada a taɓa gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda. Idan ta haɗu da man da ke ciki tana fashewa, kuma tana kisa. Kada a gauraya gas. R22, R410A da R32 kowanne da injinsa, biyun ƙarshe matsinsu ya fi na R22 nesa. R32 yana iya kamawa da wuta, don haka ba a kusanto da wutar walda sai an fitar da shi duka kuma iska na ratsa wurin. A guji gas mara suna da ake sayarwa da araha.

Masu tsohon esi mai R22 su sani ana janye wannan gas daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya da Nijar duk suna ciki, kuma ƙasashe masu tasowa sun nufi 2030 don kusan daina shi. Idan irin wannan esi yana yoyo daga cikin ƙarafansa, ba daga notu ba, ka yi lissafi da kyau kafin ka ci gaba da zuba masa kuɗi.

Esin da aka girka ko aka sauya wa wuri kwanan nan kuma bai taɓa sanyi sosai ba, a duba ko an buɗe bawul biyun da ke inda bututu suka shiga injin waje har ƙarshe, a kuma bi bututun a ga ko ya karye a kwana.

10. Kwamfireso da lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa kusan kowane wata, amma jerin tsadar ba ya canzawa. Saiti, filta da wankin waje kyauta ne. Kafasita da kwantakta su ne masu araha. Sai wankin ciki, sai motar fanka, sai gyaran yoyo da cika gas. Allon inbata da kwamfireso su ne a sama, kuma idan aka haɗa kuɗin kwamfireso da gas da walda da aiki, a tsohon esi yakan kusanci abin da zai sa mutum ya fara tunanin sabo.

Saboda haka kada ka karɓi hukuncin "kwamfireso ya mutu" da baki kawai. Wanda ya yi zafi sosai yana da abin kariya a ciki da ke yanke shi, kuma yana iya ɗaukar awanni kafin ya huce ya dawo. A bar shi ya huce, a gwada da sabuwar kafasita da wuta mai kyau. A auna wayoyinsa uku da mita, a kuma auna ko wuta na taɓa jikinsa. Idan ya tashi, a sa mitar da ake maƙalawa a waya a kwatanta abin da yake ja da abin da aka rubuta a jikin injin. Sai duk wannan ya gaza ake cewa ya mutu.

Idan ya tabbata, tambayi abin da ya kashe shi, ko raunin wuta ne, ko datti, ko yoyon da aka yi ta cikawa, domin sabon ma hanyar zai bi idan ba a gyara ba. Wanda ya ƙone yana barin datti a cikin bututu, dole a wanke layin kafin a ɗaura wani. Kwamfireso na hannu ya fi araha, amma a tabbata ƙarfinsa da nau'in gas ɗinsa sun yi daidai da na asali, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin a biya duka.

Kowane gyara aka yi, kafin mai gyara ya tafi ka sake awon mataki na 7 a gabansa, ka sa ya shafa sabulu a duk mahaɗar da ya taɓa, ya mayar da murfin bawul ya ɗaure, ya naɗe bututu da sosonsa. Karɓi tsohon kayan da aka cire. Rubuta ranar, da abin da aka canza, da giram nawa aka zuba, ka liƙa takardar a cikin murfin kan ciki inda mai gyara na gaba zai gani.